Yadda Ake Gyara Saitin Baka Bayan Sauya Tsarkiya

Duk maharbin da ya sauya tsarkiya ya sani cewa tsohon saitinsa ya tafi tare da tsohuwar. Hannu na nan da sabonsa, amma kibiya ba za ta sauka inda ta saba ba.

Da farko, kada ka yi gaggawar auna komai. Sabuwar tsarkiya tana miƙewa, musamman ta fata da aka murɗa. Ɗaura ta, ka bar bakan a ɗaure ya kwana, sannan ka harba kibau masu yawa cikin buhun ƙaiƙayi ba tare da ka damu da inda suke sauka ba. Amma kada ka taɓa jan tsarkiya ka sake ta babu kibiya, domin ƙarfin yana komawa jikin iccen ne, har ya iya tsage shi.

Sai ka duba tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsarkiya. Ɗora dunƙulen hannunka a mariƙi, ka miƙe babban yatsa: ya kamata tsarkiya ta zo kusa da kansa. In ta yi sako-sako, za ka ji tana dukan wuyan hannunka tana ƙara, ƙarar da ke korar barewa tun kibiya ba ta isa ba. Kwance gefe ɗaya, ka ƙara murɗa ta kaɗan, ka mayar. Nan ne mafi yawan samari ke kasa haƙuri, kuma nan ne aikin yake. Mu a Sakkwato yanayi ma yana da hannu a ciki: fata tana saki da damina, tana ƙanƙancewa da hunturu da zafin bazara da kan wuce digiri 40, don haka awon da ka yi a watan Agusta ba zai yi maka aiki a Janairu ba.

Daga nan ka sa alamar inda gindin kibiya zai riƙa zama. Ka ɗaga shi kaɗan sama da daidai inda kibiyar ke kwanciya a hannunka, ka naɗa zare a wurin. In kibiya na tafiya tana ɗaga kai tana sunkuyarwa, alamar ce ke son matsarwa.

Yanzu sai awo. Jingina buhun da katangar ƙasa inda yara da dabbobi ba sa giftawa, da sassafe kafin iska ta taso, kuma da kibau marasa dafi. Fara daga taku 10, kibau uku-uku. Kada kibiya ɗaya ta sa ka gyara komai, inda ukun suka taru shi ne gaskiyar bakan. Mai bakan zamani ya matsar da allurar saiti, wato ɗan tsinken da ke jikin bakan wanda ake auna abin harbi da shi, zuwa ɓangaren da suka taru. Mai na gargajiya ya lura da inda tsinin kibiya yake a idonsa lokacin saki. In sun daidaita, ja baya zuwa taku 15, sannan 20. Inda suka fara warwatsewa, nan ne iyakar nisan da ya halatta ka harbi dabba, don kada ka bar ta ta gudu da rauni.