Kurakuran da sababbin zuwa ke tafkawa a Enschede

Duk Agusta da Satumba wayata ba ta barina in huta. Sababbin ɗalibai sun sauka a Enschede, wasu a Jami'ar Twente, wasu a sashenta na ITC inda ake koyar da ilimin taswira da nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, wasu a Saxion, wata babbar makarantar da ke garin, kuma kukan da nake ji bana shi na ji bara da bara waccan. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Enschede gari ne matsakaici a gabashin Holan, cikin lardin Overijssel, dab da iyakar Jamus, mai mutane kimanin 160,000. Daga filin jirgin Schiphol sai ka yi awa biyu da 'yan kai a jirgin ƙasa. Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, a nan ƙaramar hukuma, wadda suke kira gemeente, ita ce ƙofar komai. Ta Enschede ta haɗa har da ƙauyukan kewaye irin su Glanerbrug da Lonneker da Boekelo da Usselo. Hengelo kuwa, duk da jirgi na kai ka cikin minti goma, hukumarta daban ce.

Bari in fara da wanda ya fi ci mini rai, wato kama ɗakin da ba za ka iya yin rajista da adireshinsa ba. Shekarata ta farko na samu ɗaki mai araha a bakin gari. Mai gidan, dattijo mai fara'a, ya miƙo mini makulli yana cewa in zauna lafiya, amma kada in kai sunan gidan wurin hukuma. Ni kuma da tunanin gida na ce to mene ne a ciki, haya ai tsakanina da mai gida ce. Ashe ramin da zan faɗa ke nan. Dokar ƙasar ta ce wanda zai zauna fiye da wata 4 ya yi rajista a gemeente cikin kwana 5 da isowarsa, kuma daga wannan rajistar ake ba ka lambar ɗan ƙasa da ake kira BSN. Ba BSN, banki na ta jan ka. Ba BSN, ba ka da DigiD, wato mabuɗin shiga duk harkokin gwamnati ta intanet. Ba BSN, ba mai biyan ka albashi. Kuɗin karatuna suka maƙale, na yi wata biyu ina cin bashi a hannun 'yan ajinmu, ni da na bar gida ana yi mini kallon wanda ya haye. Ranar da na tattara kayana zan fita, kuɗin ajiyar da na ba dattijon nan ko sisi bai dawo ba, kuma ba ni da bakin kai ƙara, tunda a takarda ban taɓa kwana a gidansa ba.

Mai gida ba ya hana rajista don Allah. Ko dai shi ma ɗan haya ne da ba a ba shi izinin saka wani ba, ko kuma yana gudun ƙarin mutum a gidan ya taɓa harajinsa ko tallafin da yake karɓa. Matsalarsa ce, kada ka ɗauka ka ɗora a kanka. Ni yanzu kafin in fitar da ko yuro ɗaya, sai na tura tambaya a rubuce: “Kan ik me hier inschrijven?”, wato zan iya yin rajista a nan? Idan aka fara kame-kame, na kama gabana. Wasu na cewa ka karɓi ɗakin na ɗan lokaci ka ari adireshin aboki. Ban yarda ba. Tarar ba da adireshin ƙarya na iya kaiwa yuro 325, kuma takardar zamanka na rataye da wannan rajistar. Idan ka sauya gida, ka sanar cikin kwana 5. Idan Hengelo ka koma, hukumar Hengelo za ka gaya wa. Takardar haihuwarka kuma ka sa a tantance ta tun kana gida.

Na biyu, kuma a nan zan yi faɗa. Malam, buɗe wasiƙarka! Ban san me ke damunmu da ambulan ba. Mutum ya iya karanta littafi mai shafi ɗari huɗu a kan taswira, amma takarda guda da yaren Holan sai ya jefa ta kan firji, wai sai ya samu lokaci. Ni ma na yi, shi ya sa nake da bakin magana. A gidana na biyu na tara wasiƙu na wata uku, ina ganin ai talla ce. Ashe a ciki akwai harajin shara da na hukumar kula da ruwa, don a ƙasar da ke fama da ruwa kamar wannan, gyaran madatsu da tace ƙazantaccen ruwa ma kowane gida na da kasonsa. Takardar farko ta zo, ta tuni ta biyo baya da ƙarin kuɗi, ta uku ta zo da ƙari a kan ƙari. Abin da ya fi ba ni haushi, daga baya na ji cewa mai ƙaramin ƙarfi na iya neman yafiya, abin da suke kira kwijtschelding. Ba kowa ake yafe wa ba, amma ni ko nema ban yi ba. Mutanen nan ba sa aiko ɗan saƙo, ba sa kiran waya su lallashe ka. Sun rubuta, sun sa kwanan wata, a wurinsu magana ta ƙare. Shuɗiyar ambulan kuwa daga hukumar harajin ƙasa take, ita ko a mafarki kada ka ajiye ta. Al'adata yanzu, a tsaye a bakin ƙofa nake farke wasiƙa, in ɗauki hotonta, in sa waya ta fassara, in rubuta ranar biya kafin in cire takalmi.

Daga rashin karatun wasiƙa ne rikicin inshorar lafiya ke fitowa. Ɗalibin da karatu kawai yake yi, inshorar ɗalibai ta ishe shi, amma ranar da ya kama aikin wucin gadi, ko rabon abinci a keke ne, dole ya koma inshorar ƙasa. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba kuma awa 16 a mako aka yarje masa, da izinin da mai aikin zai nema.

Sauran ƙanana ne. Keken da wani ya tare ka a titi zai sayar maka da arha na sata ne, sayensa ma laifi ne. Ka sa makulli biyu, farar fitila a gaba, ja a baya, kuma tun 1 ga Yulin 2019 an hana riƙe waya a kan keke. Sharar da ba a sake sarrafawa, kati ake sawa a buɗe mazubinta na ƙarƙashin ƙasa, kowace zubawa da kuɗinta; ka ajiye leda a gefe, sai a farke ta a nemo adireshinka. A jirgi da bas ka buga kati wajen shiga, ka buga wajen fita, in ka manta a cire maka fiye da kima. Za ka tsallaka Gronau, garin Jamus da ke bakin iyaka, cefane saboda araha, ka riƙe fasfo da katin zama, don tun Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta. Kasuwar Van Heekplein Talata da Asabar take ci, can nake sayen kifi da kayan miya. Jadawalin sallar gida kuma ba zai yi maka aiki ba: a Yuni rana na faɗuwa wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba tun kafin huɗu da rabi na yamma.

Jiniyar da ke tashi Litinin ɗin farkon wata da ƙarfe 12 na rana gwaji ce. Wani ƙanenmu da aka ba shi labarin fashewar ma'ajiyar kayan wasan wuta ta 13 ga Mayun 2000 a unguwar Roombeek, wadda ta kashe mutum 23, yana jin ta ya fito daga ɗaki ba takalmi, fasfonsa a hannu.