Kula da Baba ko Inna a farkon ciwon mantuwa

Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma jifa ba. Cutar Alzaima ce ta fi kawo shi, sai lalacewar ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini ke jawowa. Da zarar Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ko Inna ta riƙa rikicewa a lissafin cefane, a kai su asibiti a gwada jini. Ƙarancin bitamin B12 da ciwon damuwa suna kama da mantuwa, kuma ana maganinsu.

Ranar ganin likita, a zuba duk magungunan da yake sha a leda, har na kemis da na gargajiya. Piriton da Valium suna ƙara wa tsoho ruɗewa, amma idan ya daɗe yana shan Valium kada a yanke masa rana ɗaya, likita ne zai rage a hankali. Idan an rubuta donepezil, wato maganin cutar Alzaima, yawanci da miligiram 5 ake farawa. Ba ya warkarwa, sassauci yake kawowa, kuma yakan sa tashin zuciya, gudawa ko raguwar bugun zuciya.

A gida, babban aiki shi ne hawan jini. A auna sau biyu a mako bayan ya zauna minti 5. In ana yawan ganin 140/90 ko sama, a koma asibiti. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. Sai tafiyar minti 30, kwana biyar a mako, da sanyin safiya, tare da ɗan rakiya. A duba kunne da ido ma, domin wanda ba ya ji sosai yakan janye daga hira, shirun kuwa yana cin ƙwaƙwalwa.

A ɗaura harkokin yini a kan lokutan salla: wanka, abinci, magani, kullum a lokaci guda. Kuskuren da ƙauna ke jawowa shi ne a karɓe masa kowane aiki. A bar Inna ta tsince shinkafa, ta ɓare gyaɗa; a bar Baba ya je majalisa, ya yi tilawar surorin da ya haddace, don tsohuwar hadda ta fi daɗewa. Tambaya ɗaya ake yi, zaɓi biyu: "Inna, koko ko shayi?" A daina "ba na gaya miki ba?" Idan ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi musu, kada a doki yara. A taya ta nema, a fara da ƙarƙashin katifa.

Ruɗewa takan tsananta daga la'asar zuwa magariba. A kunna fitila kafin duhu, a rage hayaniya, a hana goro da shayi bayan azahar. A rufe rijiya, a kulle tukunyar gas, a sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, a kuma sanar da maƙwabta da masu shago.

In ya rikice kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne, ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki. A kai shi asibiti a ranar. Baki ya karkace ko hannu ya saki, a tafi nan take.

Jinyar nan takan faɗa kan mace guda, 'ya ko suruka, har ta kwanta ita ma. 'Yan'uwa su zauna su rubuta: wa ke kwana, wa ke sayen magani, wa ke kai shi asibiti. Mai jinya ta samu yini guda cur kowane mako, kuma ranar da ake auna wa Baba jini, a auna nata.