Yadda za ka zaɓi maganar da za ta zauna ƙarƙashin hotonka a mujallar yaye ɗalibai

Kowace shekara abu ɗaya ne ke faruwa da 'yan aji shida. Kwamitin mujalla ya raba fom, a cike suna da laƙabi da burin rayuwa, sai a zo layin "maganar da ka fi so" a tsaya cak. Ranar karɓar fom a buɗe waya a kwafo duk abin da ya fara fitowa. Shi ya sa za ka ga mutum bakwai a aji guda da magana iri ɗaya.

Fara tambayar kwamitin kalma nawa gurbin zai ɗauka. Idan ba su faɗa ba, kada ka wuce kalma 15. Mai tsara shafi ba zai kira ka ba, ko dai ya datse ƙarshen maganar ko ya ƙanƙanta rubutun har ya ƙi karantuwa. Ƙarin shafi kuɗi ne, kuma daga aljihun ɗalibai yake fitowa.

Sai ka rubuta guda uku a takarda, daga abin da ka sani da ka: karin maganar da kakarka ke yawan yi, aya, ko kalmar da wani malami ya faɗa maka ranar da ka faɗi jarrabawa. A wurina karin magana ta fi. "Sannu sannu ba ta hana zuwa" a ƙarƙashin hoton wanda ya maimaita aji ta fi duk wata doguwar maganar Bature nauyi. Amma ka guji habaici. "Hassada ga mai rabo taki ce" da "ko ana muzuru ana shaho" kowa ya san da wani kake, kuma bayan shekara 20 faɗan ya wuce, rubutun yana nan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen jingina magana ga mai ita. Hoton da ke yawo a WhatsApp ɗauke da fuskar wani babban mutum ba hujja ba ne. Maganar nan da ake liƙa wa masanin kimiyya Einstein, wai idan aka auna kifi da iya hawan bishiya zai ɗauka shi wawa ne, ba a samu inda ya faɗe ta ba. Abin ya fi tsanani a hadisi. "Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne" ya shahara a bakin mutane, amma malaman hadisi da yawa sun ce bai inganta ba, don haka kai wa malamin Islamiyya ya duba maka kafin ka rubuta "in ji Manzon Allah (SAW)". Aya kuwa, buɗe Alƙur'ani ka tabbatar da lambarta da idonka: "Rabbi zidni ilma" tana Suratu Ɗaha, aya ta 114. Haka ɗalibin da zai ɗauko daga Littafi Mai Tsarki, ya duba sura da aya. Idan ka kasa gano wanda ya yi magana, bar ta ka ɗauki ta biyu a takardarka. Karin magana ba ta buƙatar suna.

Ina ba da shawarar a sa fassarar aya da Hausa maimakon Larabcin. Tsofaffin mujallu suna ƙarewa a wurin mai ƙosai da mai tsire. Ga kuma matsalar maɗaba'a: wasu kwamfutocin suna wargaza haruffan Larabci su jera su ta baya. Haka ƙ da ɗ da ɓ kan koma akwatuna ko su rasa lanƙwasa, "ƙasa" ta zama "kasa".

Karanta wadda ka zaɓa da ƙarfi a gaban mahaifiyarka. Idan ka ji nauyin faɗa, canza. Buga ta a waya ka tura wa kwamiti, kada ka dogara da rubutun hannu, sannan ka nemi ganin shafinka kafin a kai shi bugu.