Darasi na Tara: Kula da Fasfo a Ƙasar Waje

A unguwarku kowa ya san ku. In aka tambaya, mai unguwa zai ce ɗan gidan wane ne, liman ma zai shaida. Amma ranar da jirgi ya sauke ku a Jidda ko Madina, ba mai unguwa, ba liman. Ɗan littafin nan kore shi ne zai faɗi ko ku su wane ne. Shi ake kira fasfo. A Najeriya, Hukumar Shige da Fice ce take bayar da shi. Akwai mai shafi 32 da yake aiki shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10.

Mu fara karanta shi

Ku buɗe shafin da hotonku yake. Rubutun da Turanci da Faransanci ne, amma kada wannan ya tsorata ku, don lambobin da muka koya a aji su ne dai a nan. Can sama za ku ga lambar fasfo: harafi ɗaya, sai lambobi takwas a bayansa.

Za ku kuma ga kwanan wata guda uku. Wanda ya fi daɗewa ranar haihuwarku ce. Na tsakiya ranar da aka ba ku fasfon. Wanda shekararsa ta fi nisa a gaba, shi ne ranar da zai daina aiki. Wannan na ukun shi ya fi ba mutane kunya. Saudiyya da ƙasashe da dama suna son ya rage aƙalla wata shida kafin fasfo ya ƙare. Misali, in naku zai ƙare a watan Agusta, kuna shirin Umara a watan Afrilu, wata huɗu ke nan ya rage. Bai isa ba, sai an sabunta. Gara ku gano haka kuna zaune a tsakar gida, da a gaya muku a filin jirgi bayan 'yan rakiya sun gama addu'a.

Kafin ku bar gida, ku kai wannan shafin a yi muku hotonsa a takarda, guda biyu. Ku bar ɗaya a hannun wanda kuka amince da shi, ku tafi da ɗaya, amma ba a jaka guda da fasfon ba. In kuna da babbar waya, a ɗauke shi a ciki ma. Haka za ku yi wa takardar biza.

A ina za a ajiye shi?

Shekarar da na raka gwaggona Umara, mun sauka a Jidda da daddare. Muna cikin layi, saura mutum biyar a zo kanmu, na ce, "Gwaggo, miƙo fasfonki." Ta laluba jaka, ta laluba hijabi, ta kwance bakin zane. Can ta dafe kai ta ce, "Wayyo ɗan nan, ai yana aljihun kujerar jirgi, tare da carbina. Na sa shi can ne don kada in zauna a kansa." Muka fita daga layi. Abokan tafiya suka wuce ɗaya bayan ɗaya, mu muna kan benci, ita tana salati, ni ina bin ma'aikata da Larabcin da bai taka kara ya karya ba. Sai wajen asuba aka kawo shi. Allah ya rufa asiri jirgin bai juya ba.

Tun daga ranar na daina yarda da duk wata ma'ajiya da ba a jikin mutum take ba. A kan hanya, wurin fasfo shi ne ƙaramar jakar wuya a ƙarƙashin riga, ko lalita a ƙugu. Aljihun gefe na kaftani ba wurin ajiya ba ne, a cikin cunkoso hannu yake shiga ya fita ba ku ji ba. Maza masu harami, tunda ba aljihu, su nemi ɗamara mai zif. Kada kuma a sa shi a babbar jakar da za a auna a tafi da ita.

Ba ɓarawo kaɗai ake gudu ba. Ruwa ma yana kashe fasfo: gumi, ruwan alwala, gorar Zamzam da ta tsiyaye cikin kaya, ko wanki da aka yi da shi a aljihu. Ku sa shi a leda mai kyau ku rufe bakin. Fasfon yanzu akwai ɗan ƙaramin abu na lantarki a jikinsa da na'ura take karantawa, don haka ba a lanƙwasa shi, ba a zama a kansa. Ba a rubuta lambar waya ko lissafin tsaraba a ciki, ba a yage shafi, ba a ba yaro ya yi wasa da shi.

Wa za a miƙa wa?

Jami'in shige da fice zai karɓa ya duba ya dawo da shi. Ma'aikacin jirgi haka, mai karɓar baƙi a otal haka. Duk wanda kuka ba, ku tsaya a gabansa har ya dawo hannunku, sannan ku buɗe ku ga hotonku ne a ciki. Duk fasfunan kore ne, musaya ba ta da wuya. A aikin Hajji an saba masu hidimar alhazai su tattara fasfo su riƙe har ranar komowa. Wannan tsari ne, amma ku tambayi jami'in alhazai na jiharku wa zai karɓa, kada ku miƙa wa duk wanda ya zo yana Hausa.

Fasfo ba kayan jingina ba ne, ko bashin nawa ne. Masu zuwa aikatau kuma su sani, dokar Saudiyya ta hana uban gida riƙe fasfon ma'aikacinsa.

In ya ɓata

Kada ku ɓoye don jin kunya. Ku sanar da shugaban tafiya nan take, ku je wurin 'yan sanda su ba ku takardar shaida. Daga nan sai ofishin jakadancin Najeriya. A Saudiyya babban yana Riyad, ƙaramin yana Jidda. Nan hoton da kuka yi zai yi muku rana, don lambar fasfo tana cikin abin da za a fara tambaya. Za su iya ba ku takardar tafiya ta gaggawa, wadda aikinta ɗaya ne: ta dawo da ku gida. Fasfon da aka ba da rahoton ɓatansa soke shi ake yi, ko ya fito daga baya kada ku yi tafiya da shi.

Aikin aji

Malami zai rubuta waɗannan a allo: 14 Mayu 2023, 2 Janairu 1968, 13 Mayu 2028. Ku faɗi wanne ne ranar haihuwa, wanne ne ranar bayarwa, wanne ne ranar ƙarewa. Wannan fasfon na shekara nawa ne? Mai fasfo a gida ya kwafo lambarsa a littafinsa, gobe ya karanta mana ita ba tare da ya duba ba.