Yadda ake canja shu da silindar birkin baya na Golf 3

Idan man birki yana raguwa a kofinsa kuma ba ka ga inda yake ɗiga ba, durƙusa ka leƙa bayan tayoyin baya. In ka ga danshi baƙi a gindin farantin birki ko a cikin taya, silinda ce, wato wadda man birki ke turawa ta buɗe shu, ta fara yoyo. Kuma muddin ta yi yoyo, shu, wato abin da ke goga cikin dram ya tsayar da taya, ya sha mai, ya tashi daga aiki. Yaran gareji sukan wanke shi da fetur, wasu su babbaka shi a wuta har ya bushe su mayar. Da zarar dram ya ɗau zafi man da ke ciki zai sake fitowa, tayar ta riƙa cijewa ko ta ƙi kamawa. Saboda haka aikin biyu ne a haɗe, shu da silinda, kuma a tayoyin biyu duka. Canja ɓangare ɗaya shi ke sa mota jan gefe idan an taka birki da ƙarfi.

Golf 3 zan yi magana a kai, wadda Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991, don har yanzu ita ce ke jigilar fasinja a hanyoyinmu da dama. Yawancinsu dram ne a baya mai faɗin milimita 200. Kafin ka je Kofar Ruwa ko Panteka sayen kaya, ka sani silindar ba girma ɗaya ba ce: akwai mai milimita 17 da ɗoriya, akwai mai 19. Cire tsohuwar ka tafi da ita. Ni ba na sa silinda ta hannu ko da an rantse mini daga Baljiyam ta sauka, domin robar cikinta ta tsufa kamar taka. Canja roba kaɗai ya fi araha, gaskiya ne, amma in cikin silindar ya yi tsatsa sabuwar robar ba za ta kai ko'ina ba. Ka haɗa da sabon fin guda biyu na kulle notin tsakiyar taya, giris, da man birki DOT 4 wanda ba a buɗe ba.

Sa mota a giya, sa weji a tayoyin gaba, sassauta kusoshin taya, ɗaga, ka ɗora ta a kan abin da zai riƙe ta ban da jak. Sauke hambirki gaba ɗaya.

A nan ne masu koyo suke ɓata aiki, tun kafin su ga shu da idonsu. Sukan kwance notin tsakiyar taya, su ja dram ya ƙi fitowa, sai a ɗauko guduma da sukudireba biyu a shiga ɓanɓara ta baya. Farantin ya lanƙwashe, ƙusoshin da ke riƙe shu su tsinke, wani lokaci dram ɗin ma ya tsage. Abin da ya riƙe shi ba tsatsa ba ne. Shekaru na cin birki sun ƙwaƙule cikin dram sun bar tudu a bakinsa, shu kuma ya buɗe ya shige bayan wannan tudun. Abin da ke buɗe shu a Golf ɗan ƙarfe ne mai siffar weji, wanda siririn sifirin ke jan sa ƙasa. Duk lokacin da shu ya ci, wejin ya ƙara sauka ya cike giɓin. To sai ka mayar da shi sama. Juya dram har ɗaya daga cikin ramukan kusoshin taya ya zo sama ta wajen gaban mota, haska da tocila, za ka hango wejin da sifirinsa. Zura sukudireba ta ramin ka tura shi sama har ya tsaya. Za ka ji shu ya saki, dram ya fara juyawa sakayau. Kada ka taɓa noti sai ka yi wannan.

Yanzu cire hular tsakiya a hankali, kada ka lotsa ta. Zare fin, cire murfin noti mai haƙora, kwance noti da sifana 24, sai washa. Ja dram kaɗan, boris na waje zai leƙo. Tare shi da hannu. Boris da ya faɗi cikin yashin gareji ya gama yawo, ko an wanke. Ajiye su a leda mai tsabta, ka kife dram yadda ƙura ba za ta shiga boris na ciki ba.

Ƙurar da ke ciki kada ka hura ta da baki ko da iskar falkanaiza. Tsofaffin shu da wasu masu araha suna iya ƙunsar asbestos, kuma shaƙarsa na lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge, ko ka fesa maganin wanke birki.

Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire ko sifirin ɗaya, kuma kada ka wargaza ɗaya ɓangaren sai ka gama wannan. Shi ne abin dubawarka.

Ƙananan sifirin biyu masu riƙe shu a jikin faranti, danna hularsu da filaya ka juya kwata, yatsanka na tare ƙusar ta baya. Daga nan ɓanɓaro ƙasan shu daga mazauninsa, sifirin na ƙasa zai yi sako-sako ka cire shi da hannu. Zare wayar hambirki daga ƙarfenta. Sauran duka, wato shu biyu, sandar da ke tsakaninsu, weji da sifirin na sama, su fito a haɗe. A kan benci ake raba su, a bais, wato matsin benci, in akwai, ba a jikin mota ba. Sifirin da ke ɗaure sanda da shu na gaba gajere ne mai taurin tsiya, ya sha fasa wa mutane yatsa.

Sai silinda. Kafin ka buɗe layin mai, danna fedar birki kaɗan ka tokare ta da sanda a jikin kujera. Hakan na toshe hanyar mai daga kofi, ba zai tsiyaye ya ƙare ba. Sassauta notin bututu tun silindar na ɗaure a faranti. Lamba 11 ne, kuma da sifanar bututu ake kwance shi, mai ɗan tsagi wadda ke rungume noti. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwoyinsa, daga nan sai filaya, daga filaya sai sayen sabon bututu. Motocin nan sun sha gishirin titunan Turai kafin su iso mana, don haka sau da yawa noti ya manne da bututun. Zuba man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci. Lura da kyau lokacin da kake juyawa: in bututun yana juyawa tare da noti, tsaya, murɗe shi kake yi. Abin yi shi ne ka riƙe notin da sifana, ka cire kusoshi biyu na silindar, ka juya ita silindar ta fita daga bututun.

Wajen ɗaura sabuwa, fara ɗaura notin bututu da yatsu, zagaye uku ko huɗu, silindar na lilo ba a ɗaure ba. Sannan ka ɗaure kusoshinta, sannan ka ƙarasa noti. In ka fara ɗaure silinda, bututu zai shigo a karkace ya ci zare.

Duba dram. Iyakar faɗin cikinsa bayan ya ci milimita 201 ne. In ya wuce haka ko ya yi zurfafan layuka, canja shi, kuma biyun tare. In yana da sauran rai, goge tudun bakin da fayil, ka bi cikin da samfefa, ka wanke maiƙon tas. Shafa giris ɗan kaɗan a wuraren da gefen shu ke gogar faranti. Kaɗan na ce. Hannunka ma ya zama babu maiƙo lokacin da za ka kama fuskar sabon shu.

Haɗa sabon a benci kamar yadda hoton ya nuna. Shu mai ƙarfen hambirki shi ne na baya. Weji yana da ɗan ƙullutu a gefe guda, wannan ƙullutun faranti yake kallo. In ka juya shi, komai zai shiga daidai, dram zai rufe, amma wejin ba zai yi aikinsa ba, bayan ɗan lokaci feda ta fara nutsewa a rasa dalili. Na ga an canja masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, sukutum saboda wannan. Bar wejin a can sama. Maƙala wayar hambirki, zaunar da saman shu a bakin fistin ɗin silinda ba tare da ka yaga robar ƙura ba, sa sifirin na ƙasa, ɗaga shu zuwa mazauninsa, mayar da ƙananan sifirin, daga ƙarshe ka maƙala sifirin na weji. Bubbuga shu da tafin hannu su zauna a tsakiya.

Mayar da dram, cika boris da sabon giris, sa washa da noti. Wannan notin ba a ɗaure shi tamau, kuma nan ne wuri na biyu da ake kashe aiki. Yaro ya ga noti mai riƙe taya, sai ya hau sifana da ƙafa. Boris ɗin Golf mai siffar mazurari ne, yana son ɗan sarari. In an matse shi zai yi zafi ya ƙone a kan hanya, har ya iya cinye sandar da yake kai. Ɗaure noti kana juya dram don boris ya zauna, sannan ka sassauta, ka dawo da shi sannu har ya zama kana iya motsa washar da bakin sukudireba da ƙarfin yatsa kawai, ba tare da ka yi banƙara ba. Sa murfi mai haƙora yadda raminsa zai dace da na fin, ba ka ƙara ɗaure noti don rami ya dace ba. Sabon fin, ba ƙusar kafinta ba. Mayar da hula.

Yi ɗaya ɓangaren haka nan. Cire sandar da ka tokare feda, cika kofi, ku cire iska ku biyu: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ɗaya ya famfa ya riƙe, kai ka buɗe nifil, ɗan notin fitar da iska, ka rufe kafin ya saki. Sa ɗan katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, domin tsohuwar masta tana da datti a can ƙurya wanda ke yaga robarta. In motar na da bawul ɗin da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon lodi, a kusa da ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya yake, tura hannunsa wajen wannan ƙarfen lokacin cire iska, in ba haka ba mai zai riƙa fitowa da ƙyar. Kada kofi ya bushe, kuma man da ya zuba a fenti a wanke shi da ruwa nan take.

Taka birki da ƙarfi, za ka iya jin wejin ya sauka. Sai bayan haka ake taɓa hambirki: notinsa biyu suna gindin hannun a cikin mota, ja shi haƙori uku ko huɗu, ɗaure har tayoyi su yi wuyar juyawa da hannu, sauke ka tabbatar suna juyawa sakayau. Ɗaure kusoshin taya da ƙarfin 110 Nm a sifanar awo. Danne feda na rabin minti ka ga ko tana nutsewa, leƙa bayan faranti ko akwai danshi, sannan ka gwada motar a hankali a layin da babu mutane. Bayan ɗan zagaye taɓa tsakiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko shu na goga ko noti ya matsu, sai a sake buɗewa.