Yadda Za a Kula da Dattijon da Ciwon Mantuwa Ya Kama

Idan Baba ya fara tambayar ko an yi la'asar sau biyar cikin awa guda, ko ya ɓace a hanyar kasuwar Wunti ta Bauchi da ya shekara arba'in yana bi, kada a ce tsufa ne kawai, kada kuma a ɗora laifin kan sammu. Yana iya zama ciwon mantuwa, wanda kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama da shi cutar Alzheimer ce ta jawo musu, sauran kuma har da waɗanda hawan jini ya lalata wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

A fara kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, domin gwajin jini kan gano ƙarancin bitamin B12, wanda shi ma kan jawo mantuwa amma yana da magani. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi kuwa ba ta jiran gobe.

A gida, a tsayar masa da lokacin abinci, wanka da barci, a ɓoye ashana da magunguna, a sa takarda mai lambar waya a aljihun rigarsa, sannan a sanar da maƙwabta da limamin unguwa. Abin da na fi roƙo shi ne a daina yi masa gardama: idan ya nemi matarsa da ta rasu, maimaita masa labarin rasuwar sabon makoki ne a wurinsa. A riƙe hannunsa a ce, "Baba, ba ni labarin Inna." Jinyar kuma a raba ta tsakanin 'ya'ya, kada a bar wa suruka ita kaɗai.