Yadda za ka tura sakamakon SAT zuwa jami'o'in Amurka

In ka zana SAT, wato jarabawar neman shiga jami'o'in Amurka, kar ka zauna jiran sakamako, College Board, hukumar da ke shirya jarabawar, na ba ka damar turawa makarantu 4 kyauta amma fa cikin kwana 9 bayan jarabawa, in ya wuce dala za ka biya kan kowace makaranta, kuma ka san yadda canji yake a Wapa. Shiga akawun ɗinka na College Board ka nemo makarantar da lambarta, don Allah ka duba sosai saboda sunayen na kama da juna. Wasu makarantun ma sun yarda ka rubuta makinka da kanka a Common App, wato shafin cike takardar neman gurbin karatu, sai sun ɗauke ka sannan ka tura na hukuma, to fara leƙa shafinsu tukuna.